Rumfar Bayahude da Labulen Rakiya

Dillalin da ya yi mini hanyar Jidda ya rantse mini cewa kujerun manyan otal zan riƙa yi, irin masu zanen fure a hannu. Ni kuwa Isuhu kafinta, wanda a unguwarmu a Funtuwa ba a kai amarya ɗaki sai da gadon da ya fito daga hannuna, na ce to ai an kai gwani inda ya dace. Da na iso, motar da ta ɗauko ni daga filin jirgi ba ta tsaya ko'ina ba sai Madinar Masana'antu, can kudancin gari, inda babu komai sai rumbunan ajiya da ƙarar injina. Aka miƙo mini guduma da buhun ƙusa. Ashe aikina shi ne haɗa katakan da ake jibga buhuna a kai kafin motar ɗaukar kaya ta ɗaga su. Ko zarto mai kyau ba a ba ni ba. Na kira dillalin a waya, wata murya ta ce lambar ba ta aiki, kuma har yau ba ta fara aikin ba.

Ɗakin kwananmu mu da yawa ne a ciki, kowa da yarensa da irin minsharinsa. Ban damu ba sosai, domin tun daga ranar farko na sa wa raina cewa ni ba zama na zo ba. Na bar matata Rakiya da jaririyarmu Ummi a gidan iyayenta, na yi mata alkawarin ba zan dawo ba sai na gama ginin gidanmu, kuma ba zan sa ta kwana a ɗakin haya ba har abada. Akwatina na tura shi ƙarƙashin gado, ina zaro riga ina mayarwa. A can ƙasan akwatin akwai wani labule shuɗi mai zanen tsuntsaye, wanda Rakiya ta ɗinka da kekenta ta cusa mini ba da sanina ba. Na gan shi, na shinshina, na ji ƙanshin turaren ɗakinta, na mayar. Labule ai na mai gida ne, ni kuwa baƙo ne, kuma baƙo raɓa ne.

Wata Juma'a kewar gida ta ishe ni, na hau mota na shiga gari ina yawo har unguwar Ruwais. Can sai hancina ya ja ni wata kwana. Wallahi ƙuli-ƙuli ne a kan wuta, ba ni da shakka. Na tarar da wani dattijo baƙi siriri, da farin rawani irin na Sudan, yana juya tsinke, Larabawa sun yi layi suna cewa a ba su sire. Na tsaya ina haɗiyar yawu, na ce a raina, yau ga tsire ya yi hijira har an yanke masa harafi. Ashe a fili na faɗa.

Dattijon ya ɗago ya dube ni. “Kai ɗan wane gari ne mai baƙin baki haka?”

Da Hausa zalla ya yi mini maganar. Shi ne Baba Haruna, mutumin Mai Wurno ta Sudan. Kakanninsa sun baro ƙasar Hausa da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. Shi kuma ya ƙetaro Jidda tun yana saurayi. Hausarsa tsohuwa ce, mai daɗi, ya cakuɗa ta da Larabci kamar fura da nono. Ya ba ni tsire ya hana ni biya, ya ji labarina kaf, ya ce, “Halas, ya waladi, shi ke nan ɗana. Akwai ɗaki a saman benenmu, tattabaru ne kawai ke kwana a ciki. In ka kore su, naka ne.”

Na kori tattabaru, na gyara ƙofa, na kafa gado da hannuna. Ɗakin ƙarami ne, amma in ka leƙa ta kan katanga da yamma kana hango Bahar Maliya tana ƙyalli. Akwatin nan dai na sake tura shi ƙarƙashin gado. Duk sanda Baba Haruna ya hawo yana haki ya ga bangon fayau, sai ya ce, “Kai har yanzu a tasha kake?” Ni kuma in ce, “Baba, ai ba zama na zo ba.” Sai ya yi dariya ya ce kakansa ma haka ya ce.

Sauyin aikina ya zo ne ta hannun wani injiniya da ake kira Muhandis Dawud. Farin mutum ne gajere mai sanƙo, haifaffen Maroko, girman Faransa, yana Larabci da sauri kamar ana korarsa. Ya zo rumbunmu duba kaya, ya tarar da ni lokacin hutu ina sassaƙa wa Ummi 'yar kujera da guntayen katako. Ya ɗauka ya juya ta, ya nemi ƙusa bai gani ba. Ya ce, “Wa ya sa ka haɗa katakan buhu?” Na ce ƙaddara da wani dillali. Bai huta ba sai da aka mayar da iƙamata, wato takardar izinin zamana, hannun kafili, mai tsaya wa ma'aikatan masana'antarsu ta kayan ɗaki, aka rubuta ni a matsayin ƙwararren ma'aikaci. Daga ranar ya koma kirana Usta Yusuf, wato gwani Isuhu. Ni dai na rasa da me zan saka wa mutumin nan, abin ya tsaya mini a rai.

Na gwada da tsire. Na sa Baba Haruna ya zaɓo mai kyau, na kai masa ofis da zafinsa. Ya yi godiya har da dafa ƙirji, ya ce ba ya cin naman waje, ya raba wa masu gadi. Da na gaya wa Baba Haruna, ya ajiye wuƙa ya ce, “Mutumin da ya ƙi tsirena, ko dai ba shi da lafiya ko akwai magana.” Na kuma lura ranar Asabar ko gobara ake yi a masana'anta ba ya ɗaga waya.

Ana nan shekaru suka fara tafiya. Ginin Funtuwa ya kai linta ya tsaya yana jirana, ni ma ina jiran sa. Ummi ta yi wayo, tana kirana Baban waya. Rakiya ta sha gaya mini, “Baban Ummi, tunda takardarka yanzu ta ba ka damar kawo iyali ziyara, ka kawo mu mana. Ko wata uku ne mu gan ka.” Ni kuma in ce ina, ni ba zan kawo 'yar mutane ɗakin tattabaru ba, ta ƙara haƙuri gini ya kusa. Na ɗauka mutunta ta nake yi.

Ran nan da yamma sai ga kiran Yaya Sale, babban wanta. Bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce, “Isuhu, mu ba mu aurar da ƙanwarmu ga gini ba. Baba ya ce in gaya maka, ko ka zo, ko ka ɗauke ta, ko ka sauwaƙe mata. Muna sauraronka zuwa Juma'a mai zuwa.” Na kira Rakiya, ta ɗauka, na gaya mata abin da wanta ya ce. Ta ce, “Ni ban ce a kira ka ba. Amma ban hana ba.” Ta kashe. Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin ina son matata, kuma na san gidansu ba sa magana biyu. Zuwa gida a lokacin yana nufin barin aikin, kawo ta kuma yana nufin ta ga inda nake kwana. Girman kai ya riƙe mini wuya ta ko'ina.

A cikin wannan makon ne Muhandis Dawud ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce yana son in yi masa wani aiki a gida, amma ba ya son surutu. Ya ce, “Usta Yusuf, ni Bayahude ne. Muna da wani idi da ke shigowa jibi da faɗuwar rana, kuma ina bukatar rumfa a tsakar gidana. Bango uku na katako ya isa. Rufin ka bar mini, ni zan sa da kaina in na dawo daga garin Yanbu.”

Na ce to, na fito. Ni tunda nake ban taɓa ganin Bayahude ido da ido ba, sai a wa'azi da labaran rediyo, ashe shekara da shekaru ina shan shayi da shi. Da daddare na samu Baba Haruna yana kashe wuta, na ce, “Baba, a ce wani mutum ne, wani wanda ba Musulmi ba ya ce ya yi masa rumfar ibada.”

Ya ce, “Mai ƙin tsiren nan ne ko?”

Na gyaɗa kai.

“Gunki ya ce ka sassaƙa masa?”

“A'a, rumfa.”

“Ya taɓa cutar ka?”

“Shi ya fitar da ni daga haɗa katakan buhu.”

“To yalla, je ka yi wa mutum rumfa. Kuma ka yi mai kyau, kada ka ba Hausawa kunya.”

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta jawo komai. Gidan Muhandis yana cikin wata unguwar baƙi mai katanga, ya bar mini mabuɗi wurin mai gadi. Na kafa bango uku, na goge su sumul. Na ja baya na duba, sai na ga abin ya yi tsirara. Na ce a raina, wato mutumin nan kunya ce ta hana shi ɗora mini aikin rufi, irin ta masu alheri da ba sa son a rama musu. Injiniya guda da sanƙonsa zai hau tsani a wannan zafi ina raye? Ga dama ta samu. Na je na sayo kwanon rufi sabo fil, na buga shi, na bi duk wata kafa na toshe, ko allura ba za ta wuce ba. Na yi masa silin na farin filanki, har da indararo, a garin da sai a shekara ba a ga ruwan kirki ba. A gefen tsakar gidan kuma na tarar da tulin ganyen dabino an jibge, na ce dubi ƙazantar masu lambu, na kira masu kwasar shara suka yi gaba da shi. Na share wuri tas, na zauna ina jiran yabo.

Ya dawo bayan la'asar ranar idin, da jakarsa a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi kwanon nan yana walƙiya, ya dubi inda ganyen dabino yake a da, ya dube ni ina washe baki. Ya ajiye jakar a hankali ya zauna a kanta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har da hawaye.

“Usta Yusuf, wannan ita ce rumfa mafi kyau da aka taɓa yi mini a duniya. Kuma ba zan iya zama a cikinta ba.”

Ya yi mini bayani yana duban rana. Rufin dole ya zama na abin da ya tsiro daga ƙasa, ganye ko kara, a jera shi sako-sako, inuwa ta fi rana yawa amma mutum ya iya hango taurari ta tsakani. In ruwa ba zai iya shiga ba, ba rumfa ba ce, gida ne. Kuma da zarar rana ta faɗi, shi ba zai ƙara taɓa guduma ko ganye ba. Ganyen da na zubar, mako guda ya yi yana roƙon mai lambu ya tara masa.

Garin neman gira na rasa ido. Na haye tsani ina ɓamɓare kwanon da na buga da alfahari, kuma Allah ya sa na buga shi da gaske, kowace ƙusa sai da ta yi gardama. Muhandis yana ƙasa yana karɓa, sanƙonsa yana naso. Da hannu ɗaya na kira Baba Haruna, domin na tuna yana tara busasshen ganyen dabino a bayan gida, da shi yake tada wutar tsire. Na ce, “Baba, duk ganyen nan naka, ka loda a wanet ka taho yanzu.” Wanet ita ce 'yar a-kori-kurarsa, wadda ta girme ni.

Ya ce, “Ka ba Hausawa kunya ke nan.”

Na ce, “Na ba su, Baba. Yi sauri.”

Rana ta yi ja tana gangarawa teku, mu muna leƙen ƙofa. Cunkoson motocin Jidda da yamma ba ya sanin idin kowa. Muhandis ya daina dariya, yana ta duba sama, na ga da gaske abin ya dame shi. Can sai muka ji tari da ƙarar salansa, wanet ta shigo da ganye har yana jan ƙasa, mai gadi yana bin ta da gudu. Baba Haruna ya diro da rawaninsa a karkace yana cewa yalla, yalla. Shi yana miƙowa, ni ina jerawa, Muhandis yana ƙasa yana cewa in buɗa nan, in rage can. Hannuna yana ƙaiƙayin in toshe ramukan, ina danne shi. Muka sa na ƙarshe rana tana taɓa ruwa.

Kafin ta ɓace, Muhandis ya ruga cikin gida ya fito da wani tsohon ƙyalle mai aikin zare, duk ya koɗe, ya rataya a bangon tsakiya. Ya shimfiɗa farin mayafi a tebur, ya jera faranti masu bakin zinariya da kofunan gilashi, ya kunna kyandir. Aka kira magariba, ni da Baba Haruna muka shimfiɗa kwalin kwanon rufi a gefe muka yi sallarmu, shi kuma ya sa 'yar hula a tsakar ka yana nasa karatun a hankali. Da muka sallame muka yi haramar tafiya, ya tare mu. Ya ce rumfar da ba baƙo ba ta cika ba, kuma kifi ne da burodi da dabino, babu abin da zai hana mu ci.

Muka zauna. Warin hayaƙin tsire yana saukowa daga ganyen, Baba Haruna ya ce ko ba komai yau Muhandis ya ci tsirensa ta hanci. Na dubi farantan nan masu tsada a cikin rumfar da iska ke kaɗawa, na kasa haƙuri. Na ce, “Muhandis, ga gida mai sanyi a bayanka. Me ya kawo ka nan da kayan alfarma?”

Ya ce kakanninsu da suka fito daga Masar tare da Annabi Musa shekara arba'in suka yi a jeji suna kwana a bukkoki, wannan ai mun san labarin. To shi ne kowace shekara sukan bar gida su yi mako guda a rumfa. “Duk shekara mutum yana cikin bango yana zaton bangon ne ke tsare shi. Sai ya fito nan ya ga sama ta cikin rufi, ya tuna wa ke tsare shi.”

Baba Haruna ya gyaɗa kai ya ce wannan magana ce.

Muhandis ya ci gaba, yana yanka burodi. “Amma abin da ya fi wuya ba fitowar ba ce. Ba a ce ka zauna a nan kamar mai jiran mota ba. Cewa aka yi ka zauna kamar gidanka ne. Ka kawo kwanonka mafi kyau, ka yi baƙi, ka yi farin ciki, alhali ka san bayan mako za a kwance ta.” Ya nuna ƙyallen bango. “Mahaifiyata ta yi wannan a Fas ta Maroko. Gidan Fas ya tafi, na Faransa mun sayar, 'ya'yana kowa da ƙasarsa. Ƙyallen nan ya ga rumfa a ƙasashe da yawa. Matata kafin ta rasu takan ce, duk inda muka rataya shi mun iso. Na yi shekaru ina ce mata ta jira in yi ritaya mu zauna wuri ɗaya. Ita ba ta jira ba, ta riƙa rataya shi duk inda muka sauka, kuma ita ce mai gaskiya.” Ya miƙo mini burodi. “Kai me ka rataya a ɗakinka, Usta Yusuf?”

Kafin in buɗe baki Baba Haruna ya amsa. “Shi? Ko ƙusa. Shi ba zama ya zo ba.”

Suka yi dariya su biyu, ni ban yi ba. Na ajiye burodin. Na ɗaga kai, ga tauraro guda ta cikin ramin da ɗazu nake son toshewa. Shi da addininsa, ni da nawa, ban kuma fito rumfar nan da shakkar komai a nawa ba. Amma maganar ta shige ni, na ji kunyar Rakiya ta rufe ni, na kuma ji kewarta fiye da kowace rana tun zuwana.

Washegari da sassafe, kafin zafi ya tashi, na jawo akwatin nan daga ƙarƙashin gado na zazzage shi kaf. Na jera riguna a kan kanta, na ajiye 'yar kujerar Ummi a gefen gado. Na ɗauko labulen, ƙanshin turaren ya tafi, sai na akwati. Na ɗauki guduma na kafa shi a ƙofa. Sannan na kira Yaya Sale na ce a gaya wa mahaifinsu zan ɗauke ta, yau zan fara neman takardar ziyara. Ya ce, “To, ka gaya mata da bakinka. In ta yarda.”

Na yi mata kiran bidiyo. Ta ɗauka fuskarta ba walwala, Ummi tana leƙowa ta kafaɗarta. Na ce, “Maman Ummi, bari in nuna miki inda nake kwana. Ɗaki ɗaya ne a saman bene. Tattabaru na kora na shiga. Bayan gida sai an sauka ƙasa. Ba shi ne gidan da na yi miki alkawari ba, kuma ban san ranar da wancan zai ƙaru ba. In za ki iya zama a nan, ina so ki zo.”

Na zagaya da wayar a hankali, gado, kanta, taga, ban ɓoye ko tsagar bango ba. Ina isowa ƙofa ta tsayar da ni.

“Tsaya. Koma baya.”

Na koma.

“Labulena ne wannan?”

“Shi ne.”

“Sai yau?”

“Sai yau.”

Ta matso da fuskarta kusa da waya, ta ƙura ido. Ban san ko kuka za ta yi ko dariya ba. “Baban Ummi, da ƙusa ka kafa mini labule? Ba ka ga inda na yi wa sanda hanya ba? Kuma dubi tsuntsayen, duk kansu a ƙasa.”

Na duba, wallahi kuwa haka ne, ƙafafunsu duk a sama. Na ce bari in ɗauko guduma yanzu in gyara.

Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, “Kada ka taɓa. Bar su haka, in na zo ni zan juya su.”

Haka tsuntsayen nan suka zauna kai a ƙasa, Baba Haruna yana hawowa musamman don ya yi musu dariya, har ranar da na je filin jirgi da wanet na ɗauko mai su.